WhatsApp Business a hannun manomi da mai sana'ar hannu: abin da na gani bayan kaka biyu

A ƙarshen daminar 2023 ne na saukar da manhajar WhatsApp Business a kan wata tsohuwar wayar Android da na daina amfani da ita, na kai ta ƙauyenmu da ke yankin Kura a Jihar Kano, domin in ga ko abin da ake yawan faɗa a tarurruka game da kasuwancin intanet zai tsinana wa mutanen gidanmu wani abu. Mutum uku ne suka yi aiki da ita daga lokacin zuwa ranin 2025. Na farko kawuna ne, wanda ke noman shinkafa da damina, da rani kuma ya yi albasa da tumatir da ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga. Ta biyu gwaggona ce, wadda ta fi shekara 30 tana matsar man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli da yajin daddawa a cikin gida. Na uku wani baduku ne maƙwabcinmu, mai ɗinka takalma da jakunkuna da layun ado na fata. Sana'o'in uku ba su yi kama da juna ba, kuma da yake manhajar ba ta yi musu amfani iri ɗaya ba, a nan ne na fahimci inda ƙarfinta yake da inda ta gaza.

Ga wanda bai san ta ba, WhatsApp Business ƙanwar WhatsApp ɗin da kowa ya sani ce, kamfanin Meta ne mai su duka biyun, kuma a watan Janairun 2018 aka fitar da ita domin ƙananan 'yan kasuwa. Kyauta ake saukar da ita, kuma wanda ya saba da WhatsApp na yau da kullum ba zai ga baƙon abu a fuskarta ba. Abin da ta ƙara shi ne shafin bayanin sana'a, inda ake rubuta suna da adireshi da lokutan aiki, da kundin kaya da ke ɗaukar har kaya 500 da hotunansu da farashinsu, da alamomi masu launi da ake maƙala wa hirarraki, da amsoshin da ake ajiyewa a tura da taɓi ɗaya, da saƙon maraba da ke tafiya da kansa. Lambar waya ɗaya ba ta zama a kan manhajojin biyu a lokaci guda, don haka ko dai mutum ya mayar da tsohuwar lambarsa ta zama ta kasuwanci, ko ya nemi wani layi daban. Mu sabon layi muka saya, kuma daga baya na gane cewa wannan ƙaramar shawara tana da nauyin da ban yi zato ba, zan kuwa dawo kanta.

Babban abin da ya sa na fifita wannan manhaja a kan manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Najeriya tun 2012, shi ne cewa ba ta tilasta wa mutum rubutu. Gwaggo ba ta yi boko ba, Kawu kuma ajami ya fi gudu a hannunsa, amma dukkansu sun iya danna alamar makirufo su yi magana. Saƙon murya ya ɗauke musu kunyar da ke hana manya da yawa taɓa babbar waya, kuma ya dawo da ciniki yadda aka san shi, da gaisuwa da tambayar iyali da tayi da "albarka" da "Allah ya ba mu alheri". Mai saye a Kaduna da ya ji muryar dattijuwa tana yi masa bayanin cewa gyaɗar bana ce kuma jiya aka matsa, ya riga ya sami rabin natsuwar da ba zai samu a rubutaccen talla ba. Idan kuma shakka ta rage, sai a yi kiran bidiyo, a buɗe buhu a gabansa, a zura hannu har ƙasa a ɗebo, domin gani ya kori ji. Waɗancan manyan kasuwanni suna buƙatar rajista da cike bayanai da Turanci da kai kaya wuraren karɓa da ke birane, kuma suna cire kasonsu a kan kowane ciniki. An tsara su ne domin mai shago a birni, ba domin matar da ke matsar kwano 10 na gyaɗa a tsakar gida ba.

Kundin kaya, wanda shi ne aka fi yi wa manhajar talla da shi, baduku kaɗai ya amfana da shi sosai. Kayansa ba sa lalacewa, siffarsu ba ta canzawa, farashinsu kuma yakan yi watanni bai motsa ba, don haka da muka ɗauki hotunan takalmansa da jakunkunansa muka jera, sai ya zama duk wanda ya tambaya a tura masa mahaɗa ɗaya ya duba da kansa, ya zaɓa, ya faɗi lambar ƙafarsa. A da, kowane sati biyu yakan ɗauki kayansa ya kai wa masu rumfa a Kasuwar Kurmi, su karɓa a farashin sari, wani lokaci ma sai an sayar a ba shi kuɗinsa. Yanzu bai daina kai musu ba, amma akwai wani kaso na aikinsa da ake biya tun kafin ya yanka fata, kuma wannan ya canza lissafin jarinsa gaba ɗaya. Ga Kawu kuwa kundin bai yi rana ba. Farashin albasa da shinkafa yana sauyawa daga ranar kasuwa zuwa wata, wani lokaci daga safe zuwa la'asar, kuma manomin da ya manta bai gyara farashin da ya rubuta makonni uku da suka wuce ba, zai tsinci kansa cikin gardama da mai sayen da ke riƙe da hoton tsohon farashi a matsayin hujja. Sau biyu hakan ta faru muka cire farashin, kundin da babu farashi kuwa bai fi hotuna kawai ba.

Inda kasuwar take ci a zahiri shi ne sashen da ake ɗora hoto ko bidiyo ya yi awa 24 ya ɓace, wanda kowa ke kira sitatus. A nan ne Gwaggo take nuna kwalaben mai da aka cika da safe, a nan baduku yake nuna aikin da ya gama. Sai dai a nan kuma babban raunin manhajar yake, raunin da masu koyar da kasuwancin intanet ba su cika tsayawa a kansa ba. Babu mai ganin abin da ka ɗora sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Saƙon bai-ɗaya yana zuwa wa mutum 256 a jeri guda, amma shi ma waɗanda suka ajiye lambarka kaɗai yake isa. Mai neman man gyaɗa a Abuja ba zai shiga manhajar ya rubuta abin da yake so ya ga Gwaggo ba, kamar yadda zai yi a shafin saye da sayarwa na Jiji ko a kasuwar Facebook. Rumfa ce mai kyau da aka kafa a wurin da babu hanya, kuma mai rumfar ne zai share hanyar da kansa. A watanmu na farko mutanen da ke kallon hotunan ba su wuce 'yan gida da maƙwabta ba, waɗanda idan suna son ƙuli-ƙuli yaro za su aiko da kwano.

Abin da ya buɗe hanya zumunci ne, ba wata dabarar na'ura ba. 'Ya'yan Gwaggo mata da ke aure a Kano da Zariya da Suleja su ne suka fara ɗora hotunan kayanta a nasu shafukan, suka tura lambar a zaurukan matan unguwa da na Islamiyya da na adashi. Wata ta saya ta ji daɗi ta gaya wa maƙwabciyarta, kafin azumin 2024 ya kama an fara sa oda tun daga nesa, musamman yaji da man gyaɗa, da kuma ƙuli-ƙulin da ake haɗawa cikin garar amarya. Mun buga 'yar takarda mai ɗauke da lambar waya muna liƙawa a jikin kowace kwalba, kuma ina ganin wannan takarda ta kawo masu saye fiye da duk wani abu da ke cikin manhajar. Wani abu da ya fi faranta mini rai shi ne yadda tallar yara ta ragu a gidan. Sana'ar matan aure a ƙasar Hausa ta daɗe tana tafiya a kan kawunan 'yan mata ƙanana, su ne ƙafar uwar da ba ta fita, kuma galibi karatunsu ne ke biyan farashin. Da ciniki ya fara shigowa ta waya, jikar Gwaggo da ke yawo da faranti bayan azahar ta koma zuwa Islamiyya a kan lokaci, ba don wani ya yi wa kowa wa'azi ba, sai don abin da ake samu a oda ɗaya ta birni ya fi abin da faranti ke kawowa a kwana uku.

Labarin Kawu ya fi sarƙaƙiya, kuma shi ne ya sa nake taka-tsantsan da masu cewa waya za ta raba manomi da dillali. A kan tumatir manhajar ba ta yi masa komai ba ta fuskar sayarwa. Tumatir ba ya jira, ranar da aka tsinka ranar zai bar gona, kuma babu wani mai saye a waya da zai ɗauke kwando 40 kafin rana ta yi zafi. Dole a kai kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ke kan hanyar Zariya, inda manyan motoci ke lodi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas da sauran kasuwannin Kudu, kuma dole a bi ta hannun dillalan da suka san masu motocin. Dillali ba la'ada kawai yake karɓa ba. Shi ne yake tsaya wa baƙon mai saye, shi ne yake bin kuɗi idan an ɗauki kaya bashi, wani lokaci shi ne ya ranta wa manomi kuɗin taki da fetur ɗin injin ban ruwa tun farkon rani, don haka kayan ma kusan nasa ne tun suna gona. Babu wata manhaja kyauta da ta ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan nauye-nauye.

Amfanin da Kawu ya samu na labari ne, kuma ba ƙarami ba ne. Yana cikin wani zaure na manoma da 'yan kasuwar gwari, inda 'yan uwa da ke zaune a Legas da Ibadan suke turo saƙon murya da sassafe su faɗi yadda kasuwa ta tashi da yawan motocin da suka sauka. Manomin da ya san cewa kaya sun yi ƙaranci a Kudu jiya ba zai karɓi tayin farko da aka yi masa ba, wanda kuma ya ji cewa motoci sun yi yawa zai iya jinkirta tsinka da kwana ɗaya. A kan albasa da shinkafa, waɗanda ke jure ajiya, abin ya fi haka. Albasar da aka zuba a rudu tana iya jiran wata uku ko huɗu, kuma a wannan tsakanin Kawu ya riƙa tura bidiyonta ga 'yan sari biyu da ya sani, yana kwatanta tayinsu da farashin da yake ji daga Dawanau da sauran kasuwanni. Sau ɗaya Kawu da wasu manoma, su biyar, suka haɗa kayansu ta cikin zauren suka cika mota guda, suka raba kuɗin mota, abin da a da sai an yi kwanaki ana aike kafin a daidaita. Amma shi ma wannan cinikin a hannun wani tsohon dillali aka ƙulla shi, bambancin kawai shi ne a wannan karon masu kayan sun san abin da ake sayarwa a can.

Batun kuɗi shi ne wurin da mai amfani da manhajar a Najeriya yake tsaye shi kaɗai. A Indiya da Brazil ana iya biyan kuɗi a cikin WhatsApp, amma a nan ba ta karɓar kuɗi, ba ta riƙe su amana har kaya su isa, ba ta kuma shiga tsakani idan an yi saɓani. Ciniki a cikinta ake yi, biya kuwa ta taransifar banki. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa mutanen karkara da yawa buɗe asusu, musamman a bankunan waya irin su OPay da Moniepoint, kuma ba don haka ba da gwajin namu bai ma tashi ba. Amma buɗe asusu daban, iya tsare shi daban. Wani mutum da ya ce daga Abuja yake ya yi odar takalma ƙafa 6 a wurin baduku, ya turo hoton rasit mai ɗauke da sunan baduku da adadin kuɗin daidai, har da saƙon tes mai kama da alat na banki, sannan ya dinga kira yana cewa direban da zai karɓa yana tasha zai tashi. Baduku ya ba da kaya. Da yamma ya je wurin mai POS ya duba asusu, babu ko kwabo. Gaggawar da mutumin ya ɗora masa ita ce makamin, kuma tun daga ranar muka kafa doka cewa hoton rasit ba kuɗi ba ne, alat ma ba kuɗi ba ne, sai an buɗe asusu an ga adadin ya ƙaru kafin kaya su bar gida, ko da mai sayen ya ji haushi. Ta ɓangaren mai saye ma tsoron ɗaya ne, domin tura kuɗi ga wanda ba ka taɓa gani ba cinikin biri a sama ne, shi ya sa kusan duk sabon mai saye yakan fara da ambaton wadda ta ba shi lambar.

Kai kaya ma haka yake, manhajar ba ta da hannu a ciki. Abin da muke da shi shi ne tasha da direbobi. Ana ɗaure kaya, a rubuta suna da lambar mai karɓa, a ba direba, a ɗauki hoton kayan da lambar motar a tura wa mai saye tare da lambar direban. Tsari ne mai araha da sauri, sau da yawa kayan da suka bar Kano da safe sukan isa Abuja a ranar, amma babu wanda ke ɗaukar asara idan abu ya lalace. Akwai ranar da aka ɗora wa jarkar Gwaggo kaya masu nauyi, murfin ya fashe, man ya tsiyaye, direba ya ce ba a ɗaure da kyau ba, mai saye ta ce ita kuɗinta take so, daga ƙarshe Gwaggo ce ta sake matsa wani ta aika. Daga nan muka koyi sa leda a bakin jarka kafin a murɗa murfi, da naɗe ta da salatif, da kuma faɗa wa mai saye tun farko wanda zai biya kuɗin mota. A wannan gaɓa ce alamomin manhajar masu launi suka nuna amfaninsu. Mun ware launi ɗaya ga wanda ya yi oda, wani ga wanda ya biya, wani ga wanda aka tura wa kaya, kuma da yake launi ne ba rubutu ba, Gwaggo da kanta takan duba ta gane wanda ake bi da wanda ke bin ta. Ban taɓa tsammanin wannan ƙaramin abu zai zama littafin bashi na farko da ta taɓa riƙewa ba.

Akwai abin da na gwada na kashe bayan mako guda, wato saƙon maraba da ke tafiya da kansa ga wanda ya yi magana karon farko ko bayan kwana 14 na shiru. A shagon birni yana iya dacewa, amma da wata ƙawar Gwaggo ta yi sallama da muryarta, na'ura ta amsa mata da rubutaccen "barka da zuwa, me kike buƙata", sai ta ɗauka wulaƙanci ne, har sai da aka kira ta aka ba ta haƙuri. Amsoshin da ake ajiyewa kuwa mun bar guda ɗaya tak, wato lambar asusu da sunan mai shi, domin kuskuren lamba ɗaya a wurin nan yana iya aika kuɗi ga wanda ba a sani ba.

Tsaron asusun shi ne darasin da ya kamata a fara koyarwa kafin a koya wa kowa ɗaukar hoto. Hanyar da ɓarayi suka fi bi tsohuwa ce. Sukan kira su ce daga wata ƙungiyar manoma suke ko ana rabon tallafin taki, kuma an turo wasu lambobi 6 ta saƙon tes da za a karanta musu domin a tabbatar da suna. Waɗannan lambobi mabuɗin asusun ne, wanda ya karɓe su ya ƙwace shi, daga nan ya bi masu sayenka da 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi da sunanka. An kira Kawu da irin wannan magana, Allah ya sa wayar tana hannun ɗansa, yaron kuma ya san labarin. Manhajar tana da kariya mai kyau, wato lambar sirri ta biyu da mutum ke zaɓa da kansa, wadda ko an sace lambobin farko sai an neme ta, amma ba a kunne take zuwa ba, kuma a ganina bai kamata abu mai muhimmanci haka ya zama sai wanda ya sani ya tono shi a cikin saituna ba. Haka nan ajiyar hirarraki a Google Drive, idan ba a saita ba, ranar da waya ta faɗa rijiya ko aka zare ta a kasuwa, duk lissafin oda da bashi ya tafi.

Kalmar kyauta ma tana buƙatar gyara. Manhajar kyauta ce, amma wayar da za ta ɗauke ta ba kyauta ba ce, data ba kyauta ba ce, caji a ƙauyen da wutar lantarki ba ta da tabbas ma biya ake yi a shagon mai janareta ko mai sola. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kuma mun ji ƙarin a jikinmu. Abin da ya fi cinye data shi ne bidiyoyin da ake turowa a zauruka suna sauka da kansu, don haka kashe wannan saiti yana cikin abubuwan farko da na yi. Sabis a ƙauyenmu yana da dama-dama saboda kusancinmu da babban titi, amma akwai unguwannin da sai an fita bayan gari an tsaya kan tudu kafin hoto ya tafi. Wanda kuma ya tuna yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumbar 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, ya san cewa rumfar da ke cikin waya tana iya rufewa dare ɗaya ba tare da an tambayi mai ita ba.

Game da ƙwarewar da ake buƙata, na tarar ba ta da yawa, amma kowace tana da tasiri kai tsaye a kan ciniki. Hoton da aka ɗauka a inuwa da hantsi, a kan farin ƙyalle, bayan an goge gilashin kyamara, yana sayar da takalmi fiye da wanda aka ɗauka da dare a hasken tocila. Amma hoton da ya fi kayan kyau ya fi mummunan hoto illa, domin jan fatar da ta fito kamar ruwan goro a waya ta sa an dawo wa baduku da jaka sau ɗaya. Awo ma abin lura ne. Kwano da mudu da tiya ba su da girma ɗaya daga gari zuwa gari, buhu ma akwai babba akwai solo, kuma mai saye a birni da kilo da lita yake lissafi. Sai da muka sayi ƙaramin sikeli muka koma faɗin nauyi, sannan ƙorafin cewa kaya ba su cika ba ya tsaya.

Yanzu in dawo kan maganar layin da na ce zan dawo kanta, domin ita ce abin da ya fi damuna a duk gwajin. A gidaje da yawa wayar ba a hannun mai sana'a take ba, tana hannun ɗa ko ƙane ko jikan da ya yi makaranta, kuma galibi da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, aka yi wa layin rajista, asusun bankin ma da sunansa. Shi ke magana da masu saye, shi ke faɗin farashi, shi kuɗi ke shigo wa. Idan mai amana ne, alheri ne ga gida, kuma aikin yi ne gare shi. Idan ba haka ba, an kori dillalin kasuwa ne an ɗora na cikin gida, wanda ma ya fi wuyar tuhuma, sai a koma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na ga hakan a wani gida a garinmu, inda tsohuwa ke saƙa faifai da tabarma, yaron da ke riƙe da waya yana sayarwa ninki biyu yana ba ta tsohon farashi, kuma ranar da ya tafi ci-rani ya tafi da layin da duk masu sayen da ke kansa. Saboda haka muka koma muka yi wa Gwaggo layi da sunanta da asusu da sunanta, muka rubuta lambobin masu sayenta a littafi muka ajiye a ɗakinta, aka kuma yanka wa yaron da ke taimaka mata lada sananne a kan kowace oda.

Idan aka tambaye ni wa zan ba shawarar ya saukar da WhatsApp Business, zan ce mai sana'ar hannu da mai sarrafa abincin da ke jure tafiya da ajiya, irin su dukanci da ɗinkin hula da saƙa da man gyaɗa da kilishi da yaji, musamman wanda ke da 'yan uwa a birni da za su buɗe masa ƙofar farko. Manomin hatsi da albasa zai amfana da labarin kasuwa da haɗa kaya, amma WhatsApp na yau da kullum ma ya ishe shi wannan, ba sai ya sauya ba. Mai kayan gwari kada ya ɓata da dillalinsa saboda waya. A ranin 2025 Kawu ya sake zuba albasa a rudu, ya tura bidiyonta ga 'yan sari uku a maimakon biyu, kuma wanda ya fi tayi a cikinsu ya turo tsohon dillalin nan ne ya zo ya duba kayan da idonsa kafin a yi lodi.